Saura Mako Bakwai Ya Gumsu Ta Tafi Da Turarenta

Anti Khairiyya,

Assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi min alkawari ba za ki yi dariya ba sai kin kai ƙarshen takardar nan. Idan kin kai, ki yi abinki, ni ma nakan yi wa kaina. Ki ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ya halarci taron bita a Maiduguri cikin shekara ukun nan zai gane ni. Ni ce matar nan mai jan mayafi da ke tsaye a gefen mai lacca, riƙe da makirfo na biyu.

Aikina tafinta. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauke ni lokacin da garin nan ya cika maƙil da mutanen da rikici ya koro daga garuruwansu. Wanda nake bi sunansa Malam Dzarma, mutumin kudancin Barno, gwanin laccar zaburarwa, abin da 'yan boko ke kira motibeshon. Shi ya yi da Hausa da Turanci, ni in juya wa mata da Kanuri. Anti, ba ki ga mutumin nan a bakin aiki ba. Sai ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya yi ta kai da komo yana haɗa gumi, har sai ya sa tsofaffi masu ciwon gwiwa sun miƙe tsaye suna cewa za su iya. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya raina kowa ba. Matsalarsa ɗaya, labaransa. Ko dai labarin mikiya da ke fige gashinta a kan tsauni don ta koma yarinya, ko na wani da ya hau dutsen ƙanƙara. Mu da ƙasarmu take shimfiɗe kamar tabarma, ina muka ga tsauni, balle na ƙanƙara? Matan da suka yi kwana uku suna tafiya a ƙasa cikin daji da goyo, ana ba su labarin tsuntsu. Sai su yi ta kallona cikin ladabi, wasu na gyangyaɗi.

Ranar nan dai na gaji. Da ya fara mikiyarsa, sai ni kuma na fara labarin gwaggona, Ya Gumsu. Yana fige gashi da Hausa, ina ba da labarin tsohuwa da Kanuri. Kafin a tashi rabin matan suna share hawaye. Malam Dzarma ba ya jin Kanuri, don haka ya ɗauka mikiyarsa ce ta yi aiki. Har ya gaya wa manyan ofis cewa labarin nan ya fi ratsa zuciya a bakin Kanuri. Tun daga ranar haka muke yi, ya fi sau ɗari, kuma har yau bai sani ba.

Labarin kuwa gaskiya ne, ban ƙara ko gishiri ba. Ya Gumsu yayar mahaifina ce, shekarunta sun haura saba'in. Da aka shiga garinsu, can wajen Bama, a ƙasa ta iso Maiduguri, ƙafa a kumbure, ba ta ɗauko ko cokali ba. Na ba ta ɗakin baya a gidanmu na Limanti. Wata huɗu ba su cika ba ta fara haɗa turaren wuta da humra irin na gidansu, wanda ta koya wurin mahaifiyarta, ita ma ta koya wurin tata. Yanzu iyayen amare layi suke bi, wasu tun daga unguwar Hausari, wasu har daga Kano suke aiko saƙo. Idan kika shiga lungunmu ba sai kin tambayi gida ba, hancinki zai kawo ki.

To ga inda matsalar take. Haɗin nan ba a rubuce yake ba, kuma ita kaɗai ta rage da shi. 'Yarta ɗaya ta rasu, ɗayar tana aure a Nijar, ƙamshi ma ciwon kai yake sa mata. Ni ce ɗiyar da ke kusa. Shekara huɗu ke nan kullum bayan la'asar sai ta ƙwala min kira in zo in zauna in koya. Ni ma ina so, wallahi ina so. Sai dai darasin farko shi ne farce. Ba na yatsa ba, wani ɗan ɓawo ne na abin ruwa da ake sa wa turare don ƙamshi ya kama kaya ya daɗe. Kafin ya yi amfani sai an jiƙa shi, an bi shi ɗaya bayan ɗaya da wuƙa an kankare busasshen naman da ke maƙale, an wanke, an shanya, an soya cikin yashi mai zafi, sannan a daka. Warinsa kuwa kamar kifin da ya wuni a rana. Ya Gumsu ta ce ba mai taɓa kwalbar madarar turare sai ya gama mudu guda na farce da hannunsa, haka aka yi mata. Sau ɗaya na taɓa zama. Na kankare guda goma sha ɗaya, na tuna ina da saƙon ofis a waya.

Kada ki ɗauka ban yi komai ba fa. Na yi abubuwa! Duk ranar Alhamis idan muka gama babbar lacca, a cikin keke nake dawowa jikina na rawa. Na raɗa wa kamfanin turaren da nake mafarki suna. Na sa an zana tambari mai hoton kasko da hayaƙi. An buga min sitika cike da leda, masu ruwan zinariya, ba kwalbar da zan manna wa. Na buɗe shafi a waya, na sa hotona na harɗe hannuwa. Ina da littattafan rubutu guda bakwai, kowanne shafin farko kawai aka taɓa, an rubuta burina na shekara biyar da jan biro. Nakan tsaya gaban madubi da safe in gaya wa kaina ni ce shugabar kamfani, kamar yadda Malam Dzarma ya koyar. Maigidana Babagana ya sa wa abin suna zazzaɓin Alhamis, wai yana sauka da kansa ranar Asabar ba sai an sha magani ba. Abin haushi, gaskiyarsa ce.

Na gwada hanyar zamani ma. Na kunna waya in naɗi bayaninta, sai na tashi da minti ashirin na a zuba daidai, a juya har ya yi, a sauke in hanci ya ce a sauke. Na sayo sikeli don in auna abin da take ɗiba da tafin hannu. Ta juya shi, ta yaba kyansa, washegari na tarar ta tokare ƙofa da shi saboda iska.

Da na ga haka, wata Alhamis zazzaɓin ya yi tsanani, na ce ai mai nasara ba ya jiran kowa. Na bari ta tafi gaisuwar rasuwa, na ɗauko kayan haɗinta, hawi da kajiji da sandal, na narka sukari, na bi wani bidiyo. Sukarin ya ƙone. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida ya haura katanga, yana wari kamar an cinna wa taya wuta. Kin dai san zamanin da muke ciki, hayaƙi ba abin wasa ba ne a garin nan. Maƙwabta suka fito da gudu, wata ba ɗankwali, wata ta riga ta goya ɗa ta ɗauki buhun takardu. 'Yan gora uku, masu sintirin unguwa, suka buga mana ƙofa. Na fito da ludayi a hannu ina ba da haƙuri da Kanuri da Hausa. Ɗan abin da ya tsira na zuba a kwalba. Ƙa'idar Ya Gumsu ita ce a rufe haɗi kwana arba'in ba a buɗewa, sai ya kama jikinsa. Ni rana ta huɗu na buɗe don in ɗauki hoto. Ranar hayaƙin kuwa, da ta dawo ta ji labari ba ta yi faɗa ba, ta dai yi dariya har da riƙe ciki, wanda ya fi min faɗan ciwo.

Sai kuma ga Phoebe. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar wajen Biu, humra ta zo saya ta bikin ƙanwarta. Ta tarar da tsohuwa na kankara, ta zauna jira, ta ga wuƙa a ajiye ta ɗauka. Wata biyar ke nan. Duk ranar da ta tashi aiki da wuri sai ga ta a keke, ta ɗaura zani a kan farin kayanta ta zauna. Matar nan ba ta da buri na shekara biyar, ba ta da tambari. Na taɓa gayyatarta laccarmu, barci ta yi tun kafin mikiya ta kai tsauni. Amma ta gama mudunta na farce, yanzu tana kan suyar itace, kuma na ji da kunnena Ya Gumsu tana ce mata 'yata. Ba ta yi min laifin komai ba, har magani take kawo wa tsohuwar. Duk da haka idan na ji dariyarsu daga ɗakin baya sai in tashi in rufe ƙofar ɗakina. Kishi ne, na sani, kuma ina jin kunyarsa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, an fara mayar da mutane garuruwansu, kuma Ya Gumsu ta kai sunanta. Bayan Babbar Sallah za ta tafi, saura mako bakwai. Mun roƙe ta, Babagana har da tara dangi, ta ce gara ta kwanta a ɗakinta ko ba rufi, kusa da inda aka binne mahaifiyarta. Hanyar can sai da rakiyar soja, waya ba kullum take shiga ba, ga shekaru. Ba na son in faɗi abin da nake tsoro, amma kin gane. Kuma yau kwana goma ba ta kira ni bayan la'asar ba. Ba fushi take ba, muna gaisawa, muna cin abinci tare. Ta daina kira ne kawai. Da can kiran ke damuna, yanzu ina zama a ɗaki ina kasa kunne ko zan ji shi.

Makon jiya kuma bayan lacca a wani sansani, wata mata ta riƙe hannuna ta ce tunda ni ɗiyar wannan baiwar Allah ce da nake ba da labarinta, lalle na iya sana'ar, in taimaka in koya mata ko kaɗan ne. Na ce mata mota na jirana. A motar na rufe fuska da mayafi na yi kuka, Malam Dzarma ya ɗauka laccar ce ta taɓa ni.

Anti, akwai wani babban taro na kwana biyar da za a yi a Jos mako mai zuwa, manyan masu lacca za su zo, kuma Malam Dzarma ya samo min gurbi. Zuciyata na gaya min wannan ne zai ba ni turin ƙarshe. In je? Ko in ajiye aikin gaba ɗaya in rungumi turare? Shin laccar nan ƙarya ce muke raba wa bayin Allah? Ko ni ce aka halitta ba daidai ba, tunda duk Barno ba wanda ya kai ni shan zaburarwa, kuma ba wanda ya kai ni zama wuri ɗaya?

Taki,
Mai Makirfo Na Biyu, Limanti

*

'Yar'uwata Mai Makirfo,

Wa alaikumus salam. Na karya alkawari, a wurin sikeli dariya ta ƙwace min. Ki gaishe min da Ya Gumsu, ki ce mata ta yi masoyiya a nan.

Bari in fara da abin da ya fi sauƙi. Ba ki zuwa Jos. Kin sha laccar nan sau ɗari, kuma ba a kujera kika sha ta ba, da bakinki kika maimaita ta. Idan da ƙarin lacca ne maganinki da tuni kin warke. Aikin ma kada ki ajiye. Ajiye aiki cikin zafin rai wata sitikar ce mai ruwan zinariya, za ki ji daɗinta kwana biyu, ranar Asabar ki wayi gari ba aiki ba turare.

Kin tambaya ko laccar ƙarya ce. A'a. Macen da ta rasa gida da miji, ta yi wata shida kanta a sunkuye, tana bukatar wani ya tsaya gabanta ya ce mata ba ta ƙare ba. Wannan aiki ne na lada, kuma Malam Dzarma yana yin sa da zuciya ɗaya. Ita kanta matar da ta riƙe hannunki, laccar ce ta ba ta ƙarfin tambaya. Sai dai ki duba abin da ta tambaya. Ba ta ce ki sake ba ta labarin ba, cewa ta yi ki koya mata. A nan ikon lacca ya tsaya. Ashana ce, tana kunna garwashi, amma ba wanda ya taɓa turara ɗaki da ashana ko kwali nawa ya ƙyasta.

Ba a halicce ki a karkace ba kuma. Abin da ke damunki yana damun da yawa daga cikinmu. Idan kika fito daga zauren nan kin yi gumi, an tafa, an yi kuka, sai jikinki ya ɗauka ya riga ya yi aiki. Tambari da littafi da madubi duk suna ba ki daɗin gamawa ba tare da kin fara ba. Farce kuwa ba mai tafa masa. Sannan ga wadda ba ki faɗa ba, zan faɗa miki. A zaure ke ce mai sani, ɗaruruwan mata na kallon bakinki. A kan tabarmar Ya Gumsu ke ce ta ƙarshe a aji, hannu na wari, baƙuwa daga Biu ta wuce ki. Wannan zaman ne kike gudu. Ina kuma zargin cewa zama ki karɓi haɗin nan yana nufin kin yarda tsohuwar ba za ta dawwama ba, shi ya sa kike ta ɗagawa. Idan haka ne ba abin kunya ba ne, ƙauna ce. Amma ɗagawarki ba ta hana ta kai sunanta ba.

Ita ma Ya Gumsu ba zan wanke ta tas ba. Tsofaffin masu sana'a sukan tsananta wa na gida fiye da baƙo, kuma son a rubuta haɗi don kada ya ɓace ba laifi ba ne. Ki rubuta. Sai dai ki rubuta abin da hannunki ya riga ya yi a ranar, bayan kin wanke shi. Kina da littafi bakwai, ba sai kin sayi na takwas ba.

Yanzu ki ɗauko kalanda. Mako bakwai kwana arba'in da tara ne. Haɗi yana son kwana arba'in a rufe. Ke nan kwana tara gare ki ki gama mudun farce, ki yi haɗinki na farko a gaban idonta, ki rufe kwalba, idan kina son ta shinshina aikinki kafin ta hau mota. Takardarki ta ɗan kwana a teburina, don haka taran ma ba su cika ba. Gobe ki roƙi ofis su bar miki yammacinki na waɗannan makonni. Bayan la'asar ki miƙa wa Babagana wayarki, ya riƙe har magariba, tunda shi ya gano zazzaɓin sai ya taimaka da jinya. Ki tafi ɗakin baya ko kina jin ƙarfi ko ba kya ji. Kada ki yi sanarwa, kada ki yi mata alkawari, ta ji alkawuranki shekara huɗu. Ki zauna kawai ki ɗauki wuƙa. Idan ba ta ce miki komai ba rana ta farko da ta biyu, ki ci gaba da kankara.

Phoebe kuwa ki riƙe ta hannu biyu. Yayarki ce a wannan makaranta, ki tambaye ta yadda take riƙe wuƙa, ba abin da zai ragu a jikinki. A mako bakwai ba za ki kwashe abin da tsohuwa ta tara a shekara sittin ba, Phoebe ma ba ta kwashe a wata biyar ba. Idan mota ta tashi, abin da ke hannunki da abin da ke hannunta shi ne zai rage a Maiduguri. Gara ku saba tun yanzu.

Saura gyara uku. Tafinta amana aka ba shi, don haka ki gaya wa Malam Dzarma gaskiya. Zai ji kunya na ɗan lokaci, amma mutumin kirki zai fi son ya san abin da ke ratsa mutanensa, ya bar mikiya ta huta. Ita ma Ya Gumsu ban ga inda kika ce kin nemi izininta ba kafin ki zagaya sansanoni da labarin kumburin ƙafarta. Ki gaya mata a kan tabarma, lokacin da hannunki ya fara wari irin nata. Matar sansanin nan kuma ki neme ta, ki ce mata ba ki iya ba tukuna, amma kin fara.

Ranar tafiya ki tashi da wuri ki hura garwashi. Ki buɗe kwalbarki, ki zuba kaɗan, ki kai mata kaskon da hannunki. Kada ki sa ran yabo. Mai yiwuwa ta yamutsa fuska ta ce sukari ya yi yawa, sandal ya yi kaɗan, ta tambayi wa ya koya miki wannan ɓarna. Ki tsaya ki saurara da kyau har ta gama, don ba a yi wa mutum irin wannan faɗan sai an yarda zai ci gaba da sana'ar. Shi ne darasinki na ƙarshe kafin hanya ta raba ku, kuma ba mu san yaushe za ki samu wani ba.

Allah ya kai Ya Gumsu gida lafiya, ya kwantar da ita a ɗakinta cikin aminci, ya zaunar mana da Barno. Ke kuma Allah ya ba ki haƙurin zama. Yanzu ajiye jaridar nan, je ki jiƙa farce.

Taki,
Anti Khairiyya